Fitilar da Mamani Ya Zaɓa

Jibuti, 20 ga Janairu 1962

Zuwa ga yayata Hawwa'u,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da mai gidanki Abarci da ɗiya duka. Ni lafiya lau, sai zafin garin nan da ba ya raga wa kowa. Ki kai wa Malam Ɗangoggo na bakin posta wannan takarda ya karanta miki, shi ne kuma zai rubuta miki amsa.

An sallame ni daga soja tun watan jiya. Ban kamo hanyar gida ba, don Makka tana ƙetaren wannan teku, na ce bari in yi aikin shekara guda in sauke farali kafin in komo. Aiki kam na samu. Amma ki nemi wuri ki zauna kafin a karanta miki gidan wa.

Ina tsaye bakin kasuwa ina hira da wani alhaji mutumin Tasawa, sai na ji an ce "Sannunku" daga bayana. Na waiga. Jan Kunne ne, Yaya. Baturen likitan dabbobin nan da ya sa aka harbe shanun Baba. Ya yi furfura, ya ajiye tumbi, amma kunnuwan suna nan jajaye kamar an murɗe su. Bai gane ni ba. Murna ma yake yi ya samu mai jin Hausa, nan take ya ce yana neman mai tsabta da haƙuri.

Aikin kuwa ba ki taɓa jin irinsa ba. A ɗakinsa akwai akwatin gilashi, tsawonsa ya kai komin ban ruwan shanu, cike da ruwan teku mai gishirin da ko raƙumi ba zai sha ba. A ciki akwai ƙananan kifaye da murjani. I, murjanin da kuke ɗaurawa a wuya, ko dai danginsa. Ashe abu ne mai rai, yana ci yana girma yana ciwo. Ni ke ɗebo masa sabon ruwa daga teku, ni ke goge gilashin, ni ke kunna masa fitila in kashe. Duk baƙon da ya zo gidan nan, wurin akwatin ake fara kai shi.

Kada ki yi fushi kafin ki ji sauran.

Ƙanenki,
Mamani

*

Dakoro, 15 ga Maris 1962

Mamani,

Muna lafiya. An yi salla lafiya, Abarci ya yi fama da ciwon ido amma ya samu sauƙi. Gaisuwa ta ƙare ke nan, don ba ita ta kawo ni bakin posta da rana tsaka ba.

Kada in yi fushi? Kai ɗin nan! Duk faɗin duniyar Allah ka rasa ƙofar da za ka durƙusa sai ta Jan Kunne? (Ni Ɗangoggo na rage zagi biyu a nan.) In kai ka manta, ni ban manta ba. Saniya guda ce ke tari, guda tak. Ya zo rijiyar Birnin Lalle da gardi biyu masu bindiga, ko daga mota bai sauko ba, ya leƙo kai ya ce ciwon huhu ne, a gama da garken. Shanu sha tara, Mamani. Baba ya kama ƙofar mota yana cewa a ware mai tarin a ba shi kwana bakwai a gani. Aka ɓamɓare masa yatsu. Ni ce na riƙe shi lokacin da aka harbe saniyarsa Wule, kai kana tsaye da gugan ruwa a hannu ka kasa ajiyewa. Aka tura su rami aka zuba kananzir, ko fata ba a bar mana ba.

Shekara biyu Baba yana fita garke da igiya kowace safiya, yana kiran shanu da sunayensu, yara na binsa suna dariya. Haka ya mutu. Kai ka gudu soja, ni aka bari da kallo.

Yanzu an ce ƙasa ta zama tamu. An sauke tutarsu an ɗaga tamu, an yi kiɗa a filin kumandan. Na je, na tsaya, ban ga wanda ya zo ya ce mana ku yi haƙuri ba.

Amma da na kwana da maganar sai na ga wani abu. Allah ba ya kai bawa wuri a banza. Ka ce abin nan yana da rai, ka ce duk baƙo wurinsa ake kai shi. To wannan shi ne garkensa. Ka gaya mini dalla-dalla me yake ci, me ke kashe shi. Kada ka rage komai.

Yayarka,
Hawwa'u

*

Jibuti, 22 ga Mayu 1962

Yaya Hawwa'u,

Barka da layya, Allah ya maimaita mana. Na ji daɗin samun sauƙin Abarci. Zagin da Malam Ɗangoggo ya rage ma na ji shi a jikina. Ban manta ba, wallahi, ko yau na rufe ido ina ganin hayaƙin nan.

Kin tambayi abincinsa. Haske ne. Da farko ban yarda ba, sai da na gani da idona. A cikin namansa akwai wani tsiro ƙanƙane da ido ba ya gani, shi ke shan haske ya ciyar da murjanin, shi ke ba shi launi. Saboda haka duk aikin akwatin nan yana ga zaɓen fitila. Ampul, wato fitilar lantarki mai zagaye irin ta ofis, ba ta yi, haskenta ja ne, kuma tana dafa ruwa. Doguwar fitila ake sawa, wadda suke kira neyon. Farare biyu, shuɗiya guda, don can ƙarƙashin teku hasken shuɗi ne ke isa. A rataye su taƙi biyu sama da ruwa. In kunna da hantsi in kashe da magariba, kullum lokaci guda, kamar tatsa.

Kuma ba duka ke son haske ɗaya ba. Masu ƙaho, waɗanda aka ciro daga bakin gaɓa, rana suke so, sai na ɗora su sama. Masu faɗi na ruwa mai zurfi sai ƙasa, a inuwar dutse. Wata shida zuwa bakwai neyon ke gajiya, ko da ido yana ganin tana ci. Sabuwa kuwa tana da kaifi, in ka saka ta haka kawai sai su firgice su koɗe. Jan Kunne ya yi asararsu da yawa ta nan kafin zuwana. Ni sai na tuna yadda Baba ke yi da sabon maraƙi, ba ya fidda shi rana gaba ɗaya. Na yanko tsohon gidan sauro na ninka uku na shimfiɗa tsakanin fitila da ruwa, kowace Juma'a in cire ninki guda. Tun daga nan ko ɗaya bai mutu ba.

Kada ki yi mini dariya, na sa masu sunayen shanun Baba. Akwai mai ƙahoni a buɗe, baƙa-baƙa da farin baki, ita ce Wule, ba ta da maraba da saniyar. Akwai Goshi, akwai Ja-Gaba da ta fi kowa girma. Akwai wata mai taushi, ko inuwar hannuna ta gifta sai ta janye jikinta, ita ce Mai Kunya. Su sha huɗu ne, sunaye biyar sun rage ban samu mai ɗauka ba. Wule ta ƙara rabin ɗan yatsa tun zuwana, da tsinke nake aunawa.

Farkon Yuli Jan Kunne zai tafi konje, wato hutu, Faransa, wata uku. Tafiyar ta zo daidai lokacin canza fitila. Ya ce shi bai iya ba kamar ni, in zaɓa da kaina. Mabuɗin ɗakin ajiya ma yana hannuna.

Ƙanenki,
Mamani

*

Dakoro, 19 ga Yuni 1962

Mamani,

Lafiya muke. An yi ruwan shuka ran Talata, Abarci yana gona.

Sau biyu na sa aka karanta mini takardarka. Na farko na ji kamar in tsaga ta. Sunayen shanun Baba ka ɗauka ka liƙa wa kayan wasan wanda ya kashe su? Dabarar Baba ka ɗauka kana yi wa maƙiyinsa kiwo? Ashe haka kake da ƙoƙari! A na biyu kuwa sai na ji abin da nake nema. Mabuɗi yana hannunka, mutumin zai yi wata uku ba ya nan, kuma ka ce haske ke rayar da su, haske ke kashe su.

To ga abin da za ka yi. Ba na son ka fasa gilashi, wannan aikin mahaukaci ne, kuma gobe za a kama ka. Ka zaɓi fitila. Ai zaɓi aka ba ka. Ka nemo wadda ta fi kowace zafi a gidan, ka sauko da ita kusa, ka bar gidan sauronka a ƙusa. Su koɗe ɗaya bayan ɗaya. Ya komo da kewarsu a ransa, ya shigo da sauri yana kiran sunayensu, ya tarar da fayau. Ina so ya tsaya gaban akwatin nan kamar yadda Baba ya tsaya bakin rami. Ina so abinci ya gagare shi. In ya tambaye ka, ka ce ciwon huhu ne.

Kuma ka aiko mini da gawar guda, in riƙe ta a hannuna. Ba ni da wata buƙata wurinka, ba zane, ba turare, ba tsarabar Makka.

Hawwa'u

*

Dakoro, 12 ga Satumba 1962

Mamani,

Muna lafiya, gero ya fitar da kai. Ban san ko kai kana lafiya ba, tunda ba ka ga damar faɗi ba.

Wata uku ke nan. Duk ranar da kamyon Maraɗi, motar da ke kawo takardu, ya shigo ina bakin posta, har matan kasuwa sun fara tambayata ko miji na biyu nake jira. Malam Ɗangoggo ya ce teku nisa gare shi. Da can ba shi da nisa?

Na san abin da ya faru. Ka ci abincinsa, zuciyarka ta mutu. Kana can kana goge gilashi, kana auna ƙaho da tsinke, kana jiran ya komo ya shafa maka kai. Konjen nasa saura kwana kaɗan. In ya ƙare ba ka yi ba, to ka ji da kyau: kada ka ƙara rubuto mini. Ka je Makka, ka komo da rawani, ka sauka inda ka ga dama, ban da ƙofata. In an tambaye ni ɗan Samba na Birnin Lalle, zan ce Samba ɗiya guda ya bari, mace.

Hawwa'u

*

Dakoro, 8 ga Nuwamba 1962

Ƙanena Mamani, ɗan Samba na gaske,

Gaisuwa irin wadda ban taɓa yi maka ba! Muna lafiya, mun ɗaure gero, rumbu ya kusa cika. Ka yafe mini takardar baya, baki ne, ka san ni.

Ƙunshinka ya iso jiya. Babu takarda a ciki, amma me zan yi da takarda? Na kwance tsumman a gaban Malam Ɗangoggo, sai ga gawar da na roƙa, fara fat, da ƙahoninta a buɗe, ba nauyi. Na rangaɗa guɗa a bakin posta har mai sayar da tambur na takardu ya leƙo ta taga. Shekara tara rabona da guɗa, ashe muryar tana nan.

Na dama fura ƙwarya uku na yi sadaka. Na tafi Birnin Lalle da ƙafata, na tsaya wurin ramin, ciyawa ta rufe shi amma na gane, na ɗaga abin sama na ce, Baba, ga shi. Yanzu yana cikin kwallata, kan zannuwan aurena.

Saura labari. Kada ka yi mini rowa. Da ya shigo me ya fara cewa? Ya yi kuka? Ya zauna ƙasa? Kunnuwan sun ƙara ja ko sun yi fari? Kwana nawa ya yi bai ci ba? Ka gaya masa ko kai wane ne? Ka rubuto duka, zan sa a karanta mini sau goma. (Ni Ɗangoggo na ce sau uku zan iya.)

Yayarka mai alfahari da kai,
Hawwa'u

*

Jibuti, 16 ga Disamba 1962

Yaya Hawwa'u,

Takardunki uku duk sun same ni. Jikina lafiya. Ki gaida Abarci da ɗiya. Kin nemi labari duka, to ga shi duka.

Da Jan Kunne ya tafi, ban bi maganarki ba. Na zaɓi neyon masu kyau, farare biyu, shuɗiya guda, na shimfiɗa gidan sauro. Kusan wata uku suna ƙoshe, Mai Kunya har ta ƙara faɗi. Ban rubuto ba don ban san me zan ce miki ba. Sai takardarki ta Satumba ta zo. Na karanta inda kika ce Samba ɗiya guda ya bari. Na ninke ta, na ɗauki mabuɗi.

A ɗakin ajiya akwai wata babbar fitila da ake haska tsakar gida da ita in ana biki. Na kwashe kifayen a bokiti na mayar da su teku, su ba su cikin maganarmu. Na sauke neyon, na rataya babbar, yatsa huɗu sama da ruwa. Na kunna, ban ƙara kashewa ba.

Kwana biyu ruwan ya yi ɗumi kamar na wankan jego. Mai Kunya ce ta fara. Ta janye jikinta, ta jira in cire abin da ya dame ta kamar kullum, ban cire ba. Rana ta huɗu Goshi ta koɗe. Suka dinga fidda wata majina, ɗakin ya ɗauki wari. Wule ce ta fi daɗewa, farin ya faro daga bakin ƙahoni yana sauka, kullum da safe in tarar ya ci gaba. Hannuna ya kai kan makunnin ya fi sau ashirin. Kwana tara aka yi. Ba wanda ya ɓamɓare mini yatsu, Yaya, ni kaɗai ne a ɗakin.

Ya komo ranar Lahadi. Ya shigo yana fito, ya tsaya gaban akwatin, ya ce, "Kash." Ya tambaye ni me ya faru. Ban ce ciwon huhu ba, na ce fitila ce. Ya ɗaga kafaɗa ya ce abin yana faruwa. Ya sa hannu ya ciro Ja-Gaba, ya juya ta, ya ce ai sun fi kyau ma da suka yi fari, in wanke su in shanya, zai aika wa matarsa ta jera a kan kabad. Daga nan ya tambayi me aka dafa. Ya ci, ya ƙara.

Bai kira sunan kowa ba. Bai san suna da suna ba. Wata tara ina gidan nan, sai ran nan na lura bai taɓa sanin ko su nawa ne ba.

Na tsaya kansa yana cin abinci, na kira shi yadda ake kiran Turawan Faransa, na ce, "Mushe, ni ɗan Samba ne na Birnin Lalle. Shanu sha tara, bakin rijiya." Ya tsaya tunani, da gaske yake tunanin, ba wasa ba. Can ya yi murmushi ya ce, "Birnin Lalle! Akwai zabin daji masu kyau a wurin." Ya ce in miƙo masa gishiri.

Ni da ke mun yi zaton duk mai dabba irin Baba ne. Mun yi zaton wanda ya ajiye abu mai rai a ɗakinsa dole ya san shi. Shi masunta yake aikawa su farfaso masa daga teku, in sun mutu a farfaso wasu. Ni ne na san wadda ke son inuwa. Ni ne na kwashe su sha huɗu da hannuna na jera a rana. Ni ne abinci ya gagara, kwana biyar, tunda kin tambaya. Har yau da hantsi ƙafata ke kai ni gaban akwatin, in tsaya, babu kowa a ciki. Yanzu na san abin da ke fidda Baba da igiya kowace safiya.

Wadda ke cikin kwallarki Wule ce. Ita kaɗai na hana shi. Ban aiko ta don ki yi guɗa ba, na rasa wanda zan ba ne da ya san sunan. Ba na ganin laifinki, ke kika riƙe Baba ranar nan, ni kuma da hannuna na rataya fitilar. Amma kada ki ƙara kirana ɗan Samba na gaske a kan wannan aiki. Samba bai taɓa kashe abin da yake kiwo ba.

Masunta za su kawo sababbi jibi. Ya ce ni zan zaɓi fitila, don ya yarda da ni. Na riga na mayar da neyon, na ninka gidan sauro uku. Zan riƙe su har lokacin aikin hajji, daga nan in bar gidan.

Waɗannan ba zan sa masu suna ba.

Ƙanenki,
Mamani